Kwalabe Huɗun da Na Zubar wa Baba

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A farkon shekarun dubu biyu, lokacin da abin nan ya faru, ni ɗan shekara talatin da 'yan kai ne, tsohon malamin firamare daga Kaduna, sabon zuwa birnin Greensboro a Amurka, kuma mutum ne mai ganin ya riga ya san daidai ya san ba daidai ba, ba ya buƙatar ƙarin bayani daga kowa. Ina zaune a unguwar Glenwood, a wani tsohon gida da muke haya da 'yan'uwa biyu 'yan Nijar. Wani Alhaji ɗan Maraɗi da ya riga mu zuwa da shekaru ya samo mini aiki a kantin wani gidan mai. Na je na leƙa, na ga firji cike da giya tun daga ƙasa har sama, na dawo na ce masa ni hannuna ba zai miƙa wa kowa kwalba ba. Alhaji bai yi fushi ba. Ya ce to madalla, tunda Malam ya fi ƙarfin kanti, sai ya tafi wankin tsofaffi. Da gatse ya faɗa, ni kuwa na ɗauka da gaske. Na yi kwas na 'yan makonni, na sami takarda, aka ɗauke ni a wani gidan kula da tsofaffi a gabashin gari. Kullum da safe in hau bas zuwa babbar tasha a tsakiyar gari, in sauya wata. Ranar Juma'a kuwa, in an tsaya hira a bakin masallaci, ba na rasa hanyar da zan bi in sanar da jama'a dalilin da ya sa na ƙi aikin kanti.

Aikinmu mu ƙananan ma'aikata shi ne wanka, sauya kaya, kai mutum ɗakin cin abinci, da rubutu. Rubutun nan shi na fi rainawa. Kowane tsoho yana da fayil, kuma duk abin da ka gani sai ka rubuta ko ka gaya wa nas: ya ci rabin abinci, bai yi bayan gida ba, ya yi tuntuɓe, ya yi kuka. Ni a ganina wannan tonon silili ne. A gidanmu in dattijo ya yi abin kunya, ko da tusa ce ta kufce masa a cikin mutane, kawar da kai ake yi a ci gaba da hira kamar ba a ji ba. Ga kuma wata doka da ta ce ma'aikaci ba ya karɓar aike daga mazauna gidan. Wannan kam dariya ta ba ni. Tsoho sa'an ubanka ya aike ka, ka buɗe baki ka ce masa doka ta hana? Na ce a raina mutanen nan suna da komai, tarbiyya ce kawai ba su samu ba.

A cikin waɗanda nake kula da su akwai wani dattijo baƙar fata ɗan asalin garin, ya haura saba'in da biyar, dogo mai faɗin kafaɗa, wanda ya yi kusan shekara arba'in yana aiki a masaƙar yadin jins. Ina kiransa Baba. Ya tambayi ma'anarta, na gaya masa, ya ce ya karɓa. Mahaifina ma a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, don haka muka sami abin hira. Yakan kama hannun rigata ya murza da yatsu biyu, ya nuna mini inda aka yi ha'inci a saƙar. Da ƙafarsa yake tafiya, ko sanda ba ya riƙewa, takalminsa kullum a goge. Amma akwai ranakun da yake juyewa. Da rana tsaka sai ka ji ya ɗaga murya a teburi, ya zagi abokin da suke dara da shi, ya ture faranti. A hankali mutane suka janye, har teburinsa ya koma shi kaɗai. 'Yarsa guda ɗaya, ma'aikaciya a wani ofis a tsakiyar gari, ta koma zuwa sau ɗaya a wata, ta zauna kamar wadda aka tilasta wa, sannan ta tashi ta tafi. Cin abincinsa ya ragu, wandonsa ya fara yi masa yawa. Kowa ya ɗora abin a kan tsufa, har da ni.

Wata rana ya ja ni gefe ya ce in taimaka in sayo masa ruwan kurkure baki, irin mai ruwan ɗorawa, manyan kwalabe guda biyu, don ƙaramar da gidan ke bayarwa ba ta isarsa. Na karɓi aiken da hannu biyu. Akwai kantin magani kusa da inda nake sauya bas, ba wata wahala. Bayan kwana huɗu ya sake aikena. Haka muka ɗore har wata biyar, sau biyu a mako, ina shigo da su a jakar da nake sa dardumata. Har yabonsa nake yi a gida, ina gaya wa abokan zamana cewa ga wani tsoho da ba Musulmi ba amma ya fi wasunmu tsaftar baki. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina baki nawa gare shi ba. Ni da ko warin giya ban sani ba, abin da nake ji a ɗakinsa ƙamshin magani ne kawai.

Ranar wata Litinin da hantsi na shiga da tawul, ban ƙwanƙwasa da ƙarfi ba, na tarar da shi tsaye a bakin wurin wanke hannu, kwalba a baki, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Ba kurkura yake yi ba. Na yi abin da aka koya mini tun ina yaro, na kawar da kai na fita da baya. Da na sami sarari na koma na ɗauki kwalbar na karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, wanda wata biyar ina ɗauka ban taɓa dubawa ba. Barasa ce a ciki, mai ƙarfi kuwa, daga baya ma na ji ta fi giyar da na guje wa a kanti. Wallahi sai da na zauna a bakin gadonsa. Kuma in faɗi gaskiya, abin da ya fara zuwa mini ba lafiyar Baba ba ce. Kaina na fara tunawa: ashe ni ne ɗan dakon giya, a jakar dardumata, kuma me Alhaji zai ce in ya ji.

Cikin wannan zafin na yanke shawarar da na ɗauka babu wadda ta fi ta. Ba zan gaya wa nas ba, don kada in tona wa dattijo asiri, zan dai kawar da ɓarnar da hannuna tunda da hannuna ta shigo. Da ya tafi cin abincin rana na bincike ɗakin, na samo kwalabe huɗu: biyu a ƙarƙashin wurin wanke hannu, ɗaya a bayan akwati, ɗaya cikin dogon takalmin sanyi. Na tuttule su duka, na saki ruwa a kai, na wanke hannuna sau uku, ina jin kaina kamar wanda ya yi jihadi. Da ya dawo na rusuna na gaya masa cikin ladabi abin da na gani da abin da na yi, na ce kuma daga yau ba zan sake sayowa ba. Na zaci zai zage ni. Bai zage ni ba. Ya zauna, ya kira ni ɗansa, ya ce ban san abin da na yi ba. Ya roƙe ni in sayo ko ƙarama ɗaya, ya ce tun yana saurayi jikinsa bai taɓa wuni babu ita ba, kuma ba a tsayar da ita haka rana ɗaya. Na ɗauka irin magiyar mashaya ce. Na zauna, ni sa'an ɗan cikinsa, na yi masa nasiha a kan haƙuri da ƙarfin zuciya. Sai ya roƙi abu na biyu, kada in gaya wa kowa, domin an taɓa sallamarsa daga wani gidan saboda wannan, kuma 'yarsa ta rantse in aka sake ba ruwanta da shi. Wannan na yi masa alkawari da sauri, don ya zo daidai da abin da nake so.

Babbar nas ɗinmu ta safe wata mata ce baƙar fata mai kimanin shekara sittin, gajera, da tabarau rataye da igiya a wuya, ta yi shekara talatin a aikin. Ba ta da yawan dariya, kuma mu ƙanana muna shakkarta saboda ba ta barin fayil da gurbi. Amma ta san sunan jikokin kowane tsoho, kuma na sha ganinta durƙushe tana yanke wa wata tsohuwa farce alhali ba aikinta ba ne. Ranar Talata ita ta fara lura hannun Baba yana rawa har shayi na zuba, gumi ya jiƙa masa riga. Ni kuwa daɗi nake ji a ɓoye, ina cewa ƙazantar ce ke fita. Ranar Laraba abin ya wuce nan. Ya ce tururuwa sun cika masa zanin gado, yana ta kakkaɓewa, ya ce a kashe injinan saƙa ƙararsu ta hana shi jin magana. Jininsa ya hau, zuciyarsa na bugu da sauri. Nas ta yi zaton ciwon mafitsara ne, wanda kan rikita tsofaffi haka, ta ɗauki fitsarinsa ta aika gwaji, ta kira likita. Sannan ta tara mu a ɗan ofishinta ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya ko akwai abin da ya sauya a kwanakin nan, komai ƙanƙantarsa, abin da ya ci ko ya sha ko ya daina. Har wannan ta faɗa, ko ya daina. Da ta zo kaina na dubi ƙasa na ce ban ga komai ba. Na gaya wa kaina alkawari nake riƙewa, kuma gobe zai warware.

Ranar Alhamis da safe ina riƙe da shi za mu shiga banɗaki, sai jikinsa ya sanƙare, idanunsa suka juye, ya kufce mini ya faɗi a kan tayil ta ɓarin hagu. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Yana ta fizge-fizge kamar mai farfaɗiya, kumfa a bakinsa. Na ƙwala ihu. Nas ta iso kafin kowa, ta sa aka kira motar asibiti, ta durƙusa ta tallafe kansa tana kallon agogo. Da fizgar ta lafa, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mutumin nan bai taɓa farfaɗiya ba a rayuwarsa, kuma ni na fi kowa shiga ɗakinsa. In akwai abin da na sani, minti biyar ya rage kafin motar ta iso, bayan nan likitoci lalube za su yi ta yi, shi kuwa ba shi da lokacin lalube. Nan bakina ya buɗe. Na faɗi komai, tun daga aiken farko har zubarwar ranar Litinin.

Na shirya wa zagi. Abin da ta yi shi ne ta ciro biro daga aljihu ta yi mini tambaya uku: wane iri, nawa a mako, yaushe ya sha na ƙarshe. Ta rubuta a bayan wata takarda, ta miƙa wa masu motar hannu da hannu, ta maimaita musu da baki, sannan ta kira asibitin ta sake faɗa. Sai da motar ta fita ta juyo gare ni, ta ce in je in wanke fuska in sha ruwa, akwai tsofaffi bakwai da ba su yi wanka ba. Da muka tashi aiki ta zaunar da ni ta yi mini bayanin abin da ban taɓa ji ba, a makaranta ko a wurin wa'azi. Jikin da ya daɗe yana shan barasa kullum, in aka yanke masa ita rana ɗaya babu magani babu likita, yana iya rikicewa har ya kai ga mutuwa, balle jikin tsoho. A hankali ake cire ta, a gaban waɗanda suka sani. Ta ce shan da yake yi yana cinye shi sannu-sannu, yana faɗa da magungunansa, ya kore masa abinci ya kore masa abokai, amma abin da na yi ranar Litinin ya kusa gamawa da shi cikin kwana uku. Haka ta faɗa, ba ta sassauta ba, ba ta kuma ƙara gishiri ba.

Ta rubuta rahoto, ta ba ni na karanta kafin ta miƙa wa shugaban gidan. Babu abin da ta ɓoye a kaina, har da ƙaryar da na yi mata ranar Laraba. Amma a ƙasa ta ƙara wasu layuka a kan kanta. Ta rubuta cewa ita ce babba, wata biyar tana jin ƙamshin nan a ɗakinsa da rana tsaka, tana ganin ramarsa da faɗansa, ba ta haɗa su wuri ɗaya ba, kuma ba a taɓa koya wa ƙananan ma'aikata abin da za su yi in sun ga irin haka ba. Babu wanda ya tambaye ta wannan. Da ta yi shiru ni kaɗai zan ɗauki laifin, kuma da na cancanta. Na tambaye ta dalili, ta ce rahoto ba don a sami wanda za a kora ake rubuta shi ba, don tsohon da zai zo gaba ake rubutawa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa ganin girman wani mutum a idona kamar yadda na ga nata ba. An dakatar da ni mako uku, aka yi bincike, aka dawo da ni da gargaɗi a rubuce. Shi kuwa Baba sai da ya yi kwanaki a ɗakin masu tsananin ciwo bai san inda yake ba, kafin a iya yi masa aiki a ƙugu.

Bayan wata biyu aka dawo da shi a keken guragu. Likitoci sun ce ƙashin bai haɗu yadda ake so ba. Aka yi zama da shugaban gidan da nas da 'yarsa a kan ko zai ci gaba da zama, aka kira ni. 'Yar ta dube ni ta yi mini tambaya ɗaya, ko zan yi wa mahaifina abin da na yi wa nata. Na ce mata ai matsalar ke nan, abin da zan yi wa mahaifina shi na yi masa. Ba ta gane ba, kuma ban ga laifinta ba. Sai Baba ya ɗaga hannu ya ce a bar yaron nan haka. Ya ce da gangan ya zaɓe ni. Ya zauna ya nazarci ma'aikatan gidan kaf, ya ga ni ne ban san warinta ba kuma ba na iya ce wa tsoho a'a, shi ya sa ya kira ni gefe. Ya ce tun 'yarsa tana ƙarama yake yi mata ƙarya a kan wannan abu, yau ya gaji. A gabanta ya faɗa, alhali ya san maganar tana iya raba shi da ita da gidan baki ɗaya. Nas ta ce wa shugaban in an kore shi wani gidan kawai za a mayar da kwalbar, gara ya zauna inda aka san ciwonsa. Aka bar shi. 'Yar ba ta sauko da wuri ba, sai da aka kusa shekara kafin ta kawo masa jikokinsa.

A makon da ya dawo ya sa na tura shi har teburin abokin darar nan da ya sha zagi, ya nemi gafararsa da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya kuma faɗi abin da yake sha ba tare da kwana-kwana ba. Daga nan nas ta samo wani mai ba da shawara yana zuwa duk mako, ana zama da rana a ɗakin karatu ga duk wanda yake so. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata tsohuwa da ɗanta ke kawo mata a gorar lemo, shi a ganinsa tausayi yake yi, ita kuwa tana haɗawa da maganin barci, kullum da ƙujewa a goshi. Akwai wani da ya fara sha bayan rasuwar matarsa, yana da shekara saba'in. Baba ne ya ja su suka zo, ba da wa'azi ba, da labarin kansa. Sha'awar ba ta bar shi ba, shi da bakinsa yake faɗa. Don haka duk sabon ma'aikaci da aka ɗauka, musamman in ya ga ɗan Afirka ne mai rusunawa, sai ya kira shi ya ce masa wata rana zai aike shi kanti da murya mai daɗi, to ranar ya ƙi, ya wuce kai tsaye ya gaya wa nas. Ya rayu shekara uku bayan nan, ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, kuma iya sanina bai sake kai ta baki ba.

Na rubuto ne saboda yanzu 'yan'uwanmu da yawa, maza da mata, wannan aikin suke yi, kuma irin tarbiyyata gare su. Ku sani tsufa ba ya raba mutum da sha, kaɗaici ma ƙara shi yake yi, kuma barasa a gidan tsofaffi ba kullum take zuwa a kwalbar da muka sani ba. In kun ga tsoho yana ramewa, yana yawan faɗuwa, yana faɗa da abokansa ba dalili, kada ku ce tsufa ne ku wuce. Kada ku karɓi aike. In kun gano, kada ku zubar ku hau wa'azi, ku je ku faɗa wa wanda ya san magani a ranar. Girmama babba abu ne mai kyau, ban daina ba, kuma har gobe ba zan kai maganar tsoho bakin masallaci ba. Amma gaya wa nas ba tonon asiri ba ne. Na kuma gane cewa kunyar da na ce ina jin ta don Baba, rabinta don kaina nake ji. Baba ya yafe mini tun kafin in nema, nas ma ba ta sake tayar da maganar ba. Sai dai mutumin da na samu yana tafiya da ƙafarsa, ni na yi shekara uku ina tura shi, kuma babu safiyar da na kama hannun keken nan na manta wanda ya sa shi a ciki.